Nasiha ga Iyaye: Wa Ke Zaune Kusa da Ɗanka Lokacin da Yake Kallo?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya yi mana baiwar ji da gani da zuciya, Ya kuma sanar da mu cikin Suratul Isra'i cewa za a tambaye mu game da kowane ɗayansu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, nasihar wannan wata da kaina zan fara ta, domin bai kamata mai kaza a hannu ya riƙa yi wa mutane wa'azin ɓarawon kaji ba.

Na yi shekaru ina hawa mumbari ina faɗa a kan fina-finai, alhali ban taɓa zama na kalli ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Uzurina shi ne rashin lokaci. Bayan asuba akwai karatun almajirai, da hantsi akwai madarsa, ga ɗaurin aure, ga suna, ga jana'iza, ga sulhu tsakanin ma'aurata, bayan isha kuma ga karatun magidanta. Kafin in shiga gida yara sun yi barci, ko kuwa haka nake zato. Wani dare cikin damina ruwa ya hana mu karatu, na koma gida da wuri, sai na tarar da ɗiyana uku ƙarƙashin bargo ɗaya, wayar uwarsu tana haska fuskokinsu. Na ɗaga murya. Babban, mai shekara 14, ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ka gafarce ni, amma wannan ɗin ka taɓa ganinsa?" Ban taɓa ba. Da suka kwanta, uwarsu ta ce mini: "Malam, kana ta kiwon garken mutane, naka yana kwana a daji."

Maganarta ta tuna mini hadisin Abdullahi ɗan Umar (R.A.), wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta kowannenmu da makiyayi da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya kuma ambaci magidanci da iyalinsa. Makiyayin kirki yana shiga makiyaya ya ga ciyawar da idonsa kafin ya saki dabbobi. Sai na tuna wani hadisin kuma. Uwar muminai A'ishatu (R.A.) ta ba da labarin ranar da Habashawa suke wasa da masu a cikin masallaci, Annabi (S.A.W.) ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana kāre ta, tana kallo ta bayansa, bai gusa ba sai da ita da kanta ta ƙoshi. Wane ne cikinmu ya fi shi hidima? Amma ya tsaya. Saboda haka na yanke wa kaina hukuncin daren Alhamis biyar a tsakar gida tare da su: fim uku zaɓina, biyu zaɓinsu. Ga abin da na gani.

Mun fara da Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, ya fitar a 1976. Labarin farkon Musulunci ne, tun daga Makka har zuwa buɗe ta. Ba a nuna fuskar Annabi (S.A.W.) ba, ba a ji muryarsa ba, haka nan ba a nuna halifofi huɗu ba. Duk da haka malamai sun saɓa a kansa tun wancan lokaci: na Azhar sun yarda da rubutun labarin, Rabiɗatul Alamil Islami ta Makka ba ta yarda ba. Lokacin da aka ɗora wa Bilal dutse a ƙirji cikin rana, ƙaramar ɗiyata ta yi kuka, alhali sau da dama na karantar da wannan ƙissa a gabanta ba ta ko motsa ba. A nan na gane ƙarfin hoto, ƙarfin nan kuwa shi ne abin tsoro a cikinsa.

Mako na biyu muka kalli fim ɗin Umar Mukhtar, na Akkad ɗin dai. Da dattijon ya bayyana sai ɗiyar nan ta ce: "Baba, ga Sayyidina Hamza ya tsufa!" Gaskiyarta, domin ɗan wasa ɗaya ne, Antoni Kwin, haifaffen Meziko, wanda ba musulmi ba, ya fito a matsayin Hamza cikin Ar-Risala na Ingilishi, ya kuma fito a nan. Mako guda ke nan yarinya tana ɗauke da fuskar wani baƙo a zuciyarta a matsayin fuskar baffan Annabi, shugaban shahidai. Da ba na wurin, wa zai gaya mata cewa ɗan wasa ne? Wannan shi ne dalilin malaman da suka hana a kwaikwayi sahabbai, kuma a daren nan na ga hujjarsu a tsakar gidana.

Shi kansa fim ɗin ya ratsa ni. Umar Mukhtar malamin allo ne, ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya yi kusan shekara 20 yana yaƙi da sojan Italiya a Libiya. Janar Graziyani ya tara mutanen karkara cikin sansanoni, ya kuma ja waya mai ƙaya a kan iyakar Masar don ya yanke musu taimako. Suka kama dattijon, suka rataye shi a Suluk ranar 16 ga Satumba 1931, a gaban dubban mutanensa. Na gaya wa yara cewa wannan tarihi ya taɓa ƙasarmu, domin Kawsan, wanda ya tsare sojan Faransa a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917, shi ma yana da alaƙa da Sanusiyya.

Washegari na ga na tsakiyan, mai shekara 10, ya sassaƙa bindigar kara yana harbin ƴan'uwansa yana kabbara. Na kira shi na tambaye shi: da mutanen Umar suka kama sojojin Italiya, me ya yi da su? Ya ce bai lura ba. Muka mayar da wurin, ya ga dattijon ya hana a kashe fursuna, yana nuna wa mutanensa cewa ba a wurin azzalumi za su koyi hali ba. Sannan na gaya masa cewa Akkad da ya yi waɗannan fina-finai biyu ya rasu ne a Nuwamba 2005, shi da ɗiyarsa, sanadiyyar bom ɗin da masu da'awar jihadi suka tayar a wani otel na birnin Amman. Mu da muka ga abin da ya sami Diffa tun 2015, ba mu da uzurin barin yaro ya ɗauki bindiga daga fim ya bar adalcin da ke tare da ita. Fim ɗin mai kyau ne, amma yaron rabinsa kawai ya ɗauka, kuma rabin da ya fi haɗari.

Na uku shi ne Sarauniya, wanda Med Hondo ya fitar a 1986 daga littafin marubucin ƙasarmu Abdullahi Mamani, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Labarin rundunar Vule da Shanwan ne, wadda ta ratsa ƙasar nan a 1899 tana ƙone garuruwa, ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni, har sojojinsu suka juya musu suka kashe su a yankin Tasawa, inda kaburburansu suke a Mai Jirgi. Na ji kunya da na ga ɗiyana sun san sunayen ƴan wasan Indiya, ba su san wannan ba. Amma fim ɗin yana ɗaukaka tsafi, kamar shi ne ya kori maƙiyi. Sai na raba musu biyu: ƙin zalunci abin yabo ne a wurin ko wane ne aka same shi, dogaro da tsafi kuwa shirka ne, ko da mai yin sa jarumi ne.

Dare na huɗu zaɓinsu ne, fim ɗin Hausa mai dogon zango, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Masu wannan sana'a ƴan'uwanmu ne musulmi, kuma zan yi musu adalci: na ga ɗa yana durƙusa wa uwarsa, na ga an nuna ƙarshen mai cin dukiyar marayu, na ji Hausa mai daɗi. Amma na lura da abu biyu. Kowane gida a ciki bene ne, kowane saurayi da mota, talaka kuwa in ya fito to maigadi ne ko abin dariya. Yarinyar da ta tashi tana shan wannan kullum, da wane ido za ta dubi manomi ko tela in ya zo neman aurenta? Da wane ido za ta dubi kayan ɗakin da ubanta ya iya? Na biyu, duk kishiyar da ta fito sai ta je wurin boka. An yi sa'o'i ana koyar da yadda ake makirci dalla-dalla, sannan a ƙarshe wani dattijo ya yi wa'azin minti biyu. Bayan mun tashi na ji ɗiyata tana tambayar uwarta ko matar baffanta ta biyu ita ma tana zuwa wurin boka. Wa'azin ƙarshe bai zauna mata ba, zargin ne ya zauna. Sana'ar nan ta faro ne a Kano da Turmin Danya a 1990, a 2001 kuma aka kafa hukumar tace fina-finai a can. To, amma abin da ake tura wa yaro cikin katin waya a bakin kasuwa, da kuɗin karin kumallonsa, babu hukumar da ke tace shi sai kai.

Na biyar fim ɗin Indiya ne da aka juya zuwa Hausa, kuma ba mu kai ƙarshensa ba. Raye-rayen da tufafin kowa ya san su. Abin da ya sa na kashe shi ne na ga jarumin ya tsaya gaban gunki ya haɗa hannuwa, mai fassara kuwa ya sa masa a baki yana roƙon Allah da kalmominmu na musulmi. Wataƙila niyyarsa ya rufe shirkar ne, amma abin da yaro ya gani shi ne mutum yana kiran Allah yana fuskantar gunki, kuma an amsa masa. A daren nan karatun tauhidi muka yi har ƙarfe goma sha ɗaya.

Ya ku bayin Allah, ba fatawa nake bayarwa ba. Maganar hoto da kiɗa malamai sun yi bayani mai tsawo a kanta, wanda kuma ya iya tsare gidansa gaba ɗaya daga waɗannan abubuwa, Allah Ya ƙara masa ƙarfi. Amma kada ka ce gidanka babu fim don kawai babu talabijin. Ni ma haka na zata. Umurnin da ke cikin Suratut Tahrimi, aya ta 6, na mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, ba a cika shi da tsawa daga bakin ƙofa. Ga abin da na ɗora wa gidana, wanda ya ga da amfani ya ɗauka.

Na farko, kallo a tsakar gida ake yin sa, a gaban kowa, ba cikin ɗaki ba, ba ƙarƙashin bargo ba. Na biyu, da an kira salla an kashe, ko da saura minti ɗaya a gama. Na uku, waya a ɗakin uba ko uwa take kwana, domin mai raba dare yana kallo ba ya samun asuba. Na huɗu, in an gama a tambayi yaro: wa ya burge ka, kuma don me? Amsarsa ita za ta nuna maka abin da ya shiga. Na biyar, inda aka zo wurin da ido bai kamata ya gani ba, uba ya fara kau da kansa, domin umurnin runtse ido na Suratun Nuri da maza aka fara shi, kuma yaro idon ubansa yake kallo kafin ya kalli akwatin. Na shida, ka ba su labari da bakinka. Allah Ya kira ƙissar Annabi Yusufu mafi kyawun labari. Akwai hassadar ƴan'uwa a ciki, da rijiya, da kurkuku, da sarauta, da yafiya. Na ba su ita cikin dare uku, kuma su ne suke tuna mini inda muka tsaya.

Wanda ya ce ba shi da lokaci, ya ƙirga sa'o'in da yake yi a fada ana dafa shayi daga na farko har na uku, da waɗanda shi kansa yake yi a kan wayarsa. Dare ɗaya cikin bakwai nake roƙonka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a kuma tanƙwara shi daga nesa. Kwanan baya babban ɗan nan nawa ya same ni bayan la'asar da waya a hannu, ya ce abokinsa ya tura masa wani fim, yana so in fara gani. Shekarun da na yi ina faɗa ba su kawo mini wannan ba.

Ya Allah, Ka shirya mana zuriyarmu, Ka tsare idanunsu da kunnuwansu da zukatansu, Ka sanya su sanyin idanunmu duniya da lahira. Ka gafarta mana sakacin da muka yi cikin amanar da Ka ba mu. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka ba mu damina mai albarka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.