Shin Kallon Tsuntsaye Ɓata Lokaci Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wanda ya bar Maraɗi ya bi ta Jiratawa zai iske tabkin Madarunfa, wanda a shekarar 2019 aka sanya cikin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Da hunturu ake ganin baƙi a bakinsa da madubin hangen nesa, suna wuni suna duban zalɓe da balbela da kirinjijiya, da agwagin da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Da yawanmu mukan yi musu dariya, mu ce aikin marar aiki ne. Shin haka ne?

Haƙiƙa lokaci amana ne, kuma kallon da ya shagaltar da bawa ga barin salla ba alheri cikinsa. Amma Allah da kansa ya zargi masu ƙin duban tsuntsaye a sararin sama, a Suratul Mulk aya ta 19, sannan a Suratul An'am aya ta 38 ya sanar da mu cewa su ma al'ummomi ne kamarmu. Ashe gafala ce abin zargi.

Ma'aunin kallo shi ne abin da ya haifar. Wanda ya gane cewa tsuntsu al'umma ce, lalle ya san tana da hakki. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa a cikin tafiya, Annabi (SAW) ya ga firgicinta, ya umarta a mayar mata da su. Shari'a ta halatta farauta don ci, ta bai wa manomin Jiratawa ko Tibiri damar kare geronsa daga jan baki. Abin da ta hana shi ne kisa don wasa.

To mu dubi kanmu. Yaranmu na yawo da danƙo suna kakkaɓo sheƙa, muna gani ba mu tsawatawa. Muna sare itatuwan bakin gulbi, ruwan sama na kwaso yashi yana cike tabkin. Ranar da ya ƙafe, masunci da mai lambu da makiyayi za su riga tsuntsu kuka, domin shi yana da fiffike.

Kakanninmu ba su san Ramsar ba, amma sun bar shamuwa ta yi sheƙa a tsakiyar gari, suna ganin zuwanta bushara ce ta damina. Wannan tarbiyya muke kira a farfaɗo da ita. Malaman makarantun allo da na madarasa su kai almajirai bakin ruwa, su koya musu sunayen waɗannan halittu da hakkinsu.

Allah ya sa mu cikin masu tunani a kan ayoyinsa, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.