ME KA GANI A SAMA?



A kwanakin nan ana yawan jin labarin waɗansu abubuwa masu haske da mutane su ke gani suna yawo a sararin sama, ba a san ko mene ne ba. Ana faɗi a rediyo, samari kuma suna nuna hotuna a wayoyinsu. Masu jin Faransanci suna ce musu OVNI, masu jin Ingilishi kuwa UFO. Ma'anar duka ɗaya ce, wato abu mai tashi wanda ba a gane shi ba. Waɗansu sun ce baƙi ne daga wata duniya. Waɗansu sun ce aljannu ne. Waɗansu kuma sun ce alamar tashin duniya ke nan. Yaro ya ji wannan ya kasa barci, ya zo ya tambayi ubansa. Wace amsa uba mai bi zai ba shi?

Yawancin labarun nan daga ƙasar Amurka su ka fito, inda sojoji su ka yi shekaru suna bincikensu. Bari mu ji yadda abin ya faru can, sa'an nan mu auna shi da Maganar Allah.

YADDA LABARIN YA SOMA

Ran 24 ga watan Yuni 1947, wani matuƙin jirgin sama mai suna Kenneth Arnold yana tafiya cikin ɗan jirginsa kusa da wani babban dutse a jihar Washington. Sai ya hango abubuwa tara masu walƙiya a jere, suna gudu fiye da kowane jirgi da ya sani. Da ya sauka ya ba da labari. Ya ce tafiyarsu kamar ta ɗan faranti ce in an wurga shi a kan ruwa yana tsalle. Ƴan jarida su ka ɗauki maganar su ka rubuta cewa an ga faranti mai tashi. Kafin ƴan makonni, sai ga mutane ɗaruruwa a garuruwa dabam dabam, kowa yana cewa shi ma ya ga faranti.

Bayan wata shida abin ya ci rai. Ran 7 ga Janairu 1948 mutane a jihar Kentucky su ka ga wani farin abu mai girma can sama. Aka roƙi wani sojan sama, Kaftin Thomas Mantell, ya je ya duba. Shekararsa 25, ya kuwa yi yaƙin duniya na biyu, ba baƙo ba ne ga jirgi. Amma a ranar nan ba shi da tanadin iskar shaƙa, wadda dole matuƙi ya sha in ya yi nisa sama, gama iska tana raguwa can. Abokan tafiyarsa su ka juya. Shi kuwa ya yi ta hawa yana bin abin, har ya wuce mita 7,000. Ya suma, jirgin ya faɗo, ya rasu. Nan da nan jita-jita ta bazu cewa baƙin sama ne su ka harbo shi. Da fari sojoji su ka ce tauraruwa Zara ya bi. Daga baya, da aka sake duba takardun, aka ga ya fi yiwuwa wani ƙaton balan-balan ne na sojojin ruwa, wanda a ke gwadawa a asirce, shi Kaftin bai ko san da irinsa ba.

ABIN DA SOJOJI SU KA SAMU

Me ya sa sojoji su ka damu? A lokacin nan Amurka da Rasha suna zaman doya da manja, kowa yana tsoron jiragen ɗan'uwansa. Saboda haka rundunar sojan sama ta buɗe ofishin bincike a 1948. Daga 1952 aka sa wa aikin suna Project Blue Book, wato Shuɗin Littafi, mazauninsa kuwa a wani sansani a jihar Ohio. Duk wanda ya ga wani abu, sai a tambaye shi: Wace rana? Ƙarfe nawa? Ta wace kusurwa? Minti nawa ya yi? Wa ke tare da kai? Sa'an nan a duba inda taurari su ke a daren nan, a tambayi masu lura da yanayi ko sun saki balan-balan, a tambayi filayen jirage ko wani jirgi ya bi ta wurin. Har su ka ɗauki wani malamin ilimin taurari, J. Allen Hynek, yana taimakonsu.

Da aka rufe aikin a watan Disamba 1969, rahotannin da aka tara sun kai 12,618. A cikinsu 701 kaɗai aka kasa ganewa, wato wajen 6 cikin 100. Mafi yawan sauran an samu asalinsu: taurari, balan-balan, jirage, tsuntsaye, gizagizai, da ƴan kaɗan da su ke ƙarya ce tsagwaronta. Zara ta ruɗi mutane da yawa ƙwarai. Ita ce mu ke gani da maraice kusa da wata, ita ce kuma Gamzaki na asuba. In ta yi ƙasa ƙasa, ƙura da zafin iska su kan sa ta yi kamar tana rawa tana sake launi, mai tafiya a mota kuma ya ga kamar tana binsa.

Akwai kuma jiragen asiri. Wajen 1955 Amurka ta soma tashin wani jirgin leƙen asiri mai suna U-2, wanda ya ke hawa kilomita 18 ko fi. Da rana ta faɗi, ƙasa ta yi duhu, shi can sama rana tana kan haska fikafikansa, sai mutane su ga kamar wuta tana tafiya. Masu binciken sun san haka, amma ba a yardar musu su faɗa ba. Sai a 1997 hukumar leƙen asiri ta CIA ta bayyana cewa jiragen nan ne sanadin rahotanni masu yawa na shekarun nan.

Faransa ma tana da ofishinta tun 1977 a birnin Tulus. Can in mutum ya ga abu, ya kan je wurin jandarma, su rubuta shaidarsa su aika. Abin da su ka samu ya yi daidai da na Amurka: mafi yawa ana ganewa, kaɗan ne su ke saura.

To, sauran fa? Har wa yau akwai matuƙan jiragen yaƙi da su ka ga abubuwan da ba a iya bayyanawa ba. A 2021 gwamnatin Amurka ta duba rahotanni 144, ɗaya kaɗai ta iya tabbatarwa, dalili kuwa bayanin da aka samu bai isa ba. A 2024 ofishin da ma'aikatar tsaro ta kafa domin wannan aiki ya bi tsofaffin takardu tun daga 1945, ya ce bai samu shaida ko ɗaya ba da ta nuna jirgi ya zo daga wata duniya. Ku lura da kyau. In manomi ya ga sawu a gonarsa bai gane dabbar ba, abin da zai ce shi ne bai gane ba. In ya koma gari ya ce dodo ya shiga gonarsa, ya faɗi abin da bai gani ba.

YADDA ƘARYA TA KE HAIFAR ƘARYA

A 1947 wani makiyayi ya tsinci tarkace a jeji kusa da garin Roswell: roba, sanduna, da takarda mai ƙyalli. Ran 8 ga watan Yuli sojojin wurin su ka sanar cewa sun samu faranti mai tashi. Kafin gari ya waye manyansu su ka ce a'a, balan-balan ne na auna yanayi. Magana ta kwanta wajen shekara 30. Sa'an nan aka tashe ta, kowane mai ba da labari yana ɗora nasa, har aka kai ga cewa an ga gawawwakin waɗansu halittu. A 1994 sojojin sama su ka fito da bayani: tarkacen na wani aikin asiri ne, balan-balan masu ɗauke da na'urar sauraro, domin a ji ko Rasha ta gwada bom na nukiliya. Amma da ya ke hukuma ta ɓoye gaskiya da fari, mutane da yawa sun ƙi yarda da ita har yau. Manya su ka rage, talakawa su ka ƙara, aka rasa na kamawa. Ba banza Allah ya sa hanin shaidar zur cikin dokoki goma ba (Fitowa 20:16).

MASU GANI BIYU CIKIN LITTAFI MAI TSARKI

Kada mu raina wanda ya ce ya ga wani abu. Da yawa cikinsu mutanen kirki ne. Jimmy Carter, wanda ya koyar da makarantar Lahadi a ikilisiyarsu, ya kuma zama shugaban Amurka a 1977, ya ga wani haske a sama a 1969 tare da waɗansu mutane. Ya rubuta abin da ya gani, amma bai ce jirgin baƙi ba ne. Mutum ya kan gani da gaske, ya yi kuskure wajen ba abin suna.

Haka ya faru da almajiran Yesu. Ku karanta Matiyu sura 14. Suna cikin jirgin ruwa da dare, iska tana gāba da su, sai su ka hango wani yana tafiya a kan ruwa. Su da yawa ne, waɗansunsu masunta ne da su ka san tekun nan tun suna yara. Idanunsu ba su yi ƙarya ba, lalle akwai mai tafiya a kan ruwan. Amma tsoro ya riga su magana, su ka ce fatalwa ce, su ka yi kururuwa. Ashe Ubangijinsu ne ya ke zuwa ya taimake su. Yawan masu gani bai sa fassararsu ta zama gaskiya ba.

Ku duba kuma mutumin nan da aka haifa makaho, a Yahaya sura 9. Da Yesu ya buɗe masa ido, manya su ka matsa masa ya ce Yesu mai zunubi ne. Sai ya amsa musu cewa wannan bai sani ba, abin da ya sani shi ne dā ba ya gani, yanzu kuwa yana gani. Ya raba abin da ya sani da abin da bai sani ba, bai ƙara ba, bai kuma rage ba ko da su ka kore shi. Irin shaidar da Allah ya ke so daga gare mu ke nan.

Ya ɗan'uwa, wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Bangaskiyarmu tana tsaye a kan shaidar mutanen da su ka ga Yesu da rai bayan mutuwarsa. Ba haske su ka hango daga nesa na ɗan lokaci ba. Sun yi magana da shi, sun ci abinci tare da shi, har kwana arba'in, sau ɗaya ma mutum fiye da ɗari biyar su ka gan shi tare (1 Korantiyawa 15:6). Mu ma an kira mu shaidu. In maƙwabcinka ya san ka da yaɗa kowace jita-jita da ta shigo wayarka, ran da ka ba shi labarin tashin Yesu daga matattu, a wane kwando zai sa maganarka?

IN KA GA WANI ABU A SAMA

Samanmu ma ta cika da abubuwan da kakanninmu ba su sani ba. Akwai jirage marasa matuƙa. Akwai taurarin ɗan'adam. Tun 2019 wani kamfani na Amurka ya ke harba waɗansu da a ke kira Starlink, da yawa a lokaci ɗaya. A kwanakin farko bayan harbawa su kan bi juna a jere kamar ayarin raƙuma, ana ganinsu bayan faɗuwar rana ko kafin asuba, shiru babu ƙara. Wanda bai sani ba sai gabansa ya faɗi.

Saboda haka in ka ga abin da ba ka gane ba, ka natsu. Ka kira wani ya duba tare da kai. Ka lura da lokaci, da inda ya fito da inda ya nufa. Ka tambayi malamin lakkwal ko wani da ya san irin waɗannan abubuwa. In wani abu ya faɗo ƙasa, kada yara su taɓa, a gaya wa mai gari ko jandarma. In an tambaye ka, ka faɗi iyakar abin da idonka ya gani. Kada ka kai kuɗin hatsinka wurin boka domin ya fassara maka, kada kuma ka bi mai cewa ya san ranar ƙarshe ta wurin wani haske. Yesu ya gaya wa almajiransa cewa sanin lokatai yana hannun Uba kaɗai (Ayyukan Manzanni 1:7).

Yaron nan da ya kasa barci, ka fitar da shi tsakar gida, ka nuna masa Zara, ka nuna masa Kaza da Ƴaƴanta. Ka gaya masa Allah ne ya yi su, ya san yawansu, yana kiran kowace da sunanta (Ishaya 40:26). Ka gaya masa akwai abubuwan da masu ilimi ba su gane ba tukuna, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya ce bai sani ba. Annabi Irmiya ya gargaɗi jama'ar Allah kada su firgita da alamun sama kamar waɗanda ba su san Ubangiji ba (Irmiya 10:2). Manzo Bulus kuma ya tabbatar mana babu wani abu, ko can bisa ko can ƙarƙashi, da zai iya raba mu da ƙaunar Allah cikin Almasihu Yesu (Romawa 8:39).

Kai fa, mai karatu, ka san wannan ƙauna? In tsoro ne ya ke mulkin zuciyarka, ka zo wurin Yesu wanda ya mutu domin zunubanka, ya kuma tashi. Shi wanda ya kwantar da hankalin almajiransa a tsakiyar teku, zai kwantar da naka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, ka tsare bakinmu daga ƙari da ragi. Ka kawar da tsoro daga gidajenmu. Ka mai da mu shaidu masu aminci, domin in mun ba da labarin Ɗanka a gaskata mu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.