Iyaye Maza, Cefane Kaɗai Bai Isa Ba

Wannan nasiha ta kowa ce, amma na fi nufin 'yan'uwana iyaye maza, domin ni ma uba ne, nauyin da ke wuyanku yana wuyana. Da yawanmu mun ɗauka idan aka ajiye kuɗin cefane da safe, aka biya kuɗin makaranta, aka ɗinka kayan Sallah, to an sauke haƙƙin 'ya'ya. Gina hali kuwa mun bar wa uwa da malamin Islamiyya. Ciyarwa wajibi ce, babu musu, sai dai ita ce mafi sauƙi a cikin bashin da ɗa yake bin ubansa.

Mu dubi yadda magabatanmu suka tsara abin. A gidan manoma, yaro yana tashi ne a cikin gandu. Tare da ubansa da yayyensa ake sharar gona, a yi shuka, a yi noman firi da maimai, har a kai girbi. Idan ya fara tasawa, sai uba ya yanka masa gayauna, ɗan fili na ƙashin kansa da zai riƙa nomawa bayan an tashi daga aikin gandu. Abin da ya samu nasa ne. In ya yi ƙyuya ciyawa ta cinye, da kaka zai ga tsararrakinsa suna sayen riga da kuɗin gyaɗarsu, shi kuwa hannu rabbana. Darasin ya shiga ke nan, ba tare da an ɗaga masa bulala ba. Haka maƙeri yake zaunar da ɗansa kan zugazugi, haka marini a karofin Ƙofar Mata, haka ɗan kasuwa a rumfarsa ta Kurmi. Yaron yana ganin yadda ubansa yake cika mudu, yadda yake magana da wanda yake bi bashi, da yadda yake daurewa ranar da aka tafka asara. Sana'a da hali tare ake gadonsu.

Yau neman abinci ya raba mu da 'ya'yanmu da rana. Uba yana ofis ko kasuwa ko kan babur, yaro yana makaranta. Wannan ba laifin kowa ba ne. Inda laifin yake shi ne dare. An idar da sallar Isha'i, sai majalisa ko teburin mai shayi, ana musun siyasa da ƙwallo har yara su yi barci. Wanda ya zauna a gida ma, kansa na sunkuye a kan waya. Yaron da ke da tambaya a ransa kuwa ba zai fasa neman amsa ba. In bai samu a zauren gidansu ba, zai samu a bakin titi. Daga can ne 'yan daba a Kano, 'yan ƙalare a Gombe, da 'yan sara-suka a Bauchi da Jos suke samun sababbin yara. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasanmu maza da mata suka mai da shi abin maye. Da yawa daga cikin waɗannan matasa daga gidajen da ake ɗora tukunya kullum suka fito, kuma iyayensu na raye.

Wani zai fake da kunya, ya ce uba ba ya sakewa da ɗansa, musamman ɗan fari da ko sunansa ba a faɗa. Kunya ado ce, amma ba ta hana a zaunar da yaro a yi masa magana. A Suratu Luƙman, Allah ya ba mu labarin uba da ya kira ɗansa da lafazi mai taushi, ya gargaɗe shi kan shirka, ya umarce shi da tsai da sallah da haƙuri kan abin da ya same shi, ya hana shi girman kai, har yadda zai yi tafiya da yadda zai sassauta murya sai da ya koya masa. A nan ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Gidansa ne ya fitar da Muhammadu Bello, ya kuma fitar da Nana Asma'u, wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajoji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Duk hidimar da ke kan Shehu ba ta hana shi kula da karatun 'yarsa ba. Mu wace hidima ce ta hana mu?

Ku sani kuma, yaro ya fi riƙe abin da ya gani fiye da abin da aka faɗa masa. Mai bin ka bashi ya yi sallama, ka aiki ɗanka ya ce ba ka nan, gobe kuma ka dake shi don ya yi maka ƙarya. Lokacin jarrabawar WAEC ko NECO ya zo, ka biya kuɗi a sato masa amsa, sannan ka yi mamakin ranar da ya ci amanar ofis. Kana zagin mahaifiyarsa a gabansa, kana fatan ya girmama matarsa, 'yarka kuma ta san darajar kanta a gidan miji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya. Ka ci abinci da 'ya'yanka a kwano ɗaya, ka ji yadda suka wuni. Ka riƙe hannun ƙaramin zuwa masallaci. Ka san sunayen abokansu da gidajen da suka fito, ka san abin da suke kallo a waya. Ka ba kowannensu wani abu da zai zama amanarsa, ko akuya ce, ko ɗan jari, ko lissafin kuɗin cefanen mako, ka bar shi ya yi kuskure, sannan ku zauna ku duba inda aka kauce. In za ka hukunta, ka fara bayyana laifin, kada ka sauke fushin kasuwa a bayan yaro. In ya yi abin kirki, ka yaba masa da bakinka, kada ka bari sai a wurin baƙi zai ji. Ka yi adalci tsakanin ɗakuna, domin gabar 'yan uba sau da yawa daga hannun uba take farawa. Wanda ya kai ɗansa karatun allo wani gari, ya bi shi da guzuri da ziyara, kada ya bar shi da roƙon abinci ƙofa-ƙofa.

Sauran jama'a kuma, mun taso muna jin cewa ɗa na kowa ne. Mu dawo da wannan. In maƙwabci ya tsawata wa ɗanka da gaskiya, ka gode masa, kada ka fito da faɗa. Kawu da baffa su tuna da marayun da ke cikin dangi, limamai su riƙa taɓo wannan magana a huɗubar Juma'a. Kowane uba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi kan abin da aka ba shi kiwo. Mu fara daga daren yau, tun yaran suna iya jin maganarmu. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama masu yi mana addu'a bayan ranmu.