Ƙarar salansa da haƙƙin kunnen maƙwabci

Saurayi ya tara kuɗi da guminsa ya sayi babur, sannan ya kai wa mai walda ya huda salansa, ko ya ƙwaƙule abin da ke cikinta, domin in ya murɗa hannu unguwa duka ta san ya wuce. In dattijo ya yi masa magana, amsarsa a shirye take: "Baba, abina ne, da kuɗina na saya." Ba a musa masa wannan. Babur nasa ne, man da ya zuba nasa ne. Amma ƙarar da ta fito ta shiga ɗakin mai jego, ta ratsa ajin makaranta, ta tayar da majinyacin da bai runtsa ba tun daren jiya, ita kuma ta wa ce? Tambayar ta fi yadda ake ganinta nauyi, musamman a Sanam da sauran ƙasar Kurfai.

Bari mu fara da sanin abin da ake ɓatawa. A cikin inji, mai da iska suna fashewa sau dubbai a minti guda, kowace fashewa kuwa tana tunkuɗo hayaƙi mai zafi da ƙarfi. Salansa wata tukunya ce mai ɗakuna da bututu mai huji-huji, wadda ke juya wannan iska tana karya ƙarfinta kafin ta fita. Wanda ya huda ta bai ƙirƙiro sauti ba, takunkumi kawai ya cire. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Ƙarin desibel 10 kunne na jinsa kamar an ninka ƙarar sau biyu, kuma mai wuni cikin desibel 85 na awa takwas a kullum jinsa na raguwa sannu a hankali. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai da kada ƙarar titi da dare ta wuce desibel 45, saboda lalacewar barci na taɓa lafiyar zuciya.

Sha'awar rurin inji ba ta yaranmu ba ce su kaɗai, ba kuma abin raini ba ce. A Turai da Amurka masu motocin tsere na kashe kuɗi mai yawa wajen sauya salansa don su sami amon da ke musu daɗi. A 1994 kamfanin Harley-Davidson ya nemi hukumar Amurka ta yi masa rajistar sautin injinsa a matsayin alamar kasuwanci, bai janye ba sai a 2000. Amma can ɗin ma an gane cewa daɗin mutum guda na iya zama azabar mutum ɗari. A 2017 kamfanin Ford ya sanar da sanya wa motar Mustang wani tsari na tayar da inji a hankali don kada a tashi maƙwabta da asuba, a 2022 kuma Faransa ta fara gwada na'urorin kama masu ƙara a bakin titi.

Hujjar "abina ne" tana da ƙarfi muddin abin ya tsaya a hannun mai shi. Wanda ya shafa wa baburinsa jan fenti bai cuci kowa ba, don wanda ba ya son gani sai ya kau da kai. Ido na da marufi, kunne kuwa ba shi da ƙyaure. A al'adarmu ba a shiga gidan mutum sai da sallama, ko zana ce ta kewaye shi, amma ƙara tana tsallake zana da katanga ba ta nemi izinin kowa ba. Wani abin lura shi ne bakin salansa baya yake kallo. Mai tuƙi na gaba da ƙararsa, waɗanda ya bari a baya su ke kwasar ta. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna irin wannan: Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukunce kan hayaƙi da wari da girgizar dutsen niƙa da ke damun maƙwabci. Sun yi saɓani kan inda iyaka take, amma ba su ɗauki mallaka a matsayin lasisin cutarwa ba.

Kada a ce muna kiran mutane zuwa shirun maƙabarta. Ƙasar Hausa ba ƙasar shiru ba ce. Duk wanda ya ci kasuwar Lahadi ta Filinge ya san hayaniyar dillalai da kukan shanu da raƙuma. Muna da kalangu da ganga, da kiɗan kokowa, da guɗar biki. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa da wurinsa da saƙonsa. Tambari da kakaki na sarauta ne, ba kowa ke taɓa su ba. Guɗa na shelar farin cikin da jama'a ke da rabo a ciki. Wato kakanninmu sun ɗauki sauti mai ƙarfi a matsayin dukiyar gari, wadda ake ara da izini a mayar. Salansar da aka huda ba ta da rana ba ta da dare, saƙonta kuma ɗaya ne tak: ga ni nan.

A Sanam, cikin gundumar Abala, maganar ta wuce ta barci da ladabi. Tun watan Maris na 2017 aka sa Abala cikin dokar ta-ɓaci. A farkon Janairu na 2020 hukumomin jihar Tilaberi suka hana zirga-zirgar babura, saboda a kansu mahara ke zuwa. An ɗage dokar a Satumba na 2021, ba da daɗewa ba aka mayar da ita a wasu yankuna. Ranar 2 ga Janairu 2021 mutane kan babura suka kashe fararen hula kimanin 100 a Combangu da Zarumdarai, cikin gundumar Walam, a watan Maris na shekarar kuma aka kashe wasu 137 a yankin Tiliya na jihar Tawa. Babur ɗin da ke kai mai naƙuda asibiti, ya kai gero kasuwa, shi ne kunnen ɗan ƙauye ya koyi ya ji ya nemi mafaka. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Iyalai da dama daga waɗannan ƙauyuka sun koma manyan garuruwa, har Yamai, da wannan tsoro a ƙirjinsu. Saurayin da ya murɗa hannu a ƙofar gidan da suka sauka ba ya nufin sharri, amma yaron da ya farka yana kuka bai san niyyarsa ba. Niyya na rage laifin mai aiki, ba ta rage zafin wanda aka yi wa.

Masu wannan ɗabi'a na da hujjoji biyu da suka cancanci amsa. Ta farko, wai ƙara na tsare rai, don mai tafiya a ƙasa da dabba za su ji su kauce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motoci masu lantarki fitar da ɗan sauti in suna tafiya a hankali. Amma wannan sauti ne aunanne don amfanin wanda ke kan hanya, kuma babur na da oda da birki. Hujja ta biyu ba a faɗinta da baki, ita ce ta fi zurfi. Yaron da ya bar makaranta, noma bai riƙe shi ba, ci-rani bai kawo masa abin kirki ba, a taron gari kuma ba a tambayar ra'ayinsa, yana neman hanyar da za a san yana raye. Buƙatarsa halal ce, hanyar ce ta karkace. Wanda aka ji shi dole ba a saurare shi ba, an jure shi ne kawai, kuma da ya wuce abin da ke bin bayansa tsaki ne.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Tara da kamu na iya rufe bakin salansa na mako guda, ba sa koya wa mutum jin nauyin wani. A makaranta ana iya haɗa darasin kimiyyar sauti da na tarbiyya, ɗalibi ya san yadda kunnensa ke aiki da yadda yake lalacewa ba ya gyaruwa. Masu walda da makanikai suna da ƙungiyoyinsu, kuma in uban gareji ya ce ba a huda salansa a wurinsa, yaransa sun ji. Fadodin samari kuma a ba su fili na gaske: wasan kwaikwayo, kokowa, ƙwallo, da kujera a wurin shawarar unguwa. Saurayin da ake kira da sunansa a tambaye shi me ya gani ba ya buƙatar ya tashi gari daga barci kafin a san da shi.

Shirun dare kamar rijiyar gari yake. Ba wanda ya saye shi, kowa na sha, mutum guda kuma ya isa ya gurɓata shi. A ƙasar da mutane suka shafe shekaru suna kasa kunne da dare don bambance baƙo da maƙiyi, barin maƙwabci ya yi barci sadaka ce da ko marar kuɗi ke iya bayarwa.