Ledar Wa Ce Ta Kashe Akuyar?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 23:12-14

Tambayi mahautan garinku abin da sukan tarar a tumbin akuyar da ta yi kiwo a kan bola. Za su ce maka leda ce, ta dunƙule kamar igiya. Dabbar tana ci, tana ramewa, har mai ita ya sayar da hasara, ko ta mutu. To, ledar wa ce? Ba mai iya faɗa. Ta mai ƙosai ce, ta ɗan makarantar da ya sha ruwan leda ce, wataƙila taka ce.

Hukumomi sun ga wannan ɓarna. A shekarar 2010 magajiyar garin Njamena ta tsananta hana leda, har tituna suka yi tsabta. A 2014 Nijar ta kafa dokar hana yin leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, Kamaru ma ta soma aiki da irin tata a shekarar nan. A Janairun 2024 gwamnatin Jihar Legas ta hana fararen robobin zuba abinci da ake yarwa bayan ci, domin suna toshe magudanan ruwa. Dokokin nan suna da kyau, mai bi kuwa bai kamata ya zama cikin masu zagaye su ba. Amma shiga kasuwar Maraɗi ko ta Garwa ka duba. Leda tana nan, a hannun mutane da kan ƙaya.

Ga tambayar da ta dame mu. Idan rabonka cikin wata ɓarna ya yi ƙanƙanta har ba ya ganuwa, kana da alhaki? Ɓarawo ya san wanda ya cuta. Kai da ka yar da leda ɗaya ba ka san kowa ba, kuma gaskiya ne leda ɗaya ba ta toshe kwata. Sai dai kowane mutum cikin dubun da suka toshe ta yana iya faɗin maganar nan, ba tare da ya yi ƙarya ba. Da damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakin gwauruwar da ke gangare, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kwantar da yaro. An yi cuta, ga wanda aka cuta, amma kowa ya wanke hannu. Lissafin da ya fitar da kowa daga laifi, ya bar gwauruwa cikin ruwa, lalle akwai kuskure a cikinsa.

Dubi karatunmu na yau. An umarci mayaƙan Isra'ila su keɓe wuri a bayan sansani, kowa ya riƙe abin tona rami cikin kayansa, ya rufe ƙazantarsa da kansa. A ayoyin nan ba a ambaci mai gadi ko tara ba. Dalilin da aka bayar shi ne, Ubangiji yana yawo a cikin sansanin. Mutum ɗaya cikin taro mai yawa, wa zai gane nasa? Duk da haka an ɗora wa kowa nasa nauyi.

Wannan bai sauke wa gwamnati nata ba. Wanda aka ce kada ya zubar a kwata yana da ikon tambaya ina motar kwasar shara. Mai kamfanin da ke buga leda dubu dubai kuma ba a ma'auni ɗaya yake da yarinya mai talla ba. Ka faɗa wa magajin garinku haka, cikin ladabi. Amma kada jinkirinsa ya zama mafakarka. Iyayenmu da kwando suke zuwa kasuwa, da kwano suke sayen koko da fura. Gobe da safe in za ka aiki yaro wurin mai ƙosai, ba shi kwano, ka kuma gaya masa dalili.