Almubazzaranci a Cikin Aji: Nasiha ga Iyaye da Malamai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam ta hanyar alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, magidanci yakan sayar da hatsi ko akuya don sayen kaye da bik na ƴan lakwal. Kafin shekara ta raba, sai ga rabin takardun an yage, wasu a bola, wasu an ƙunshe ƙosai da su, alhali a cikinsu akwai masu ɗauke da Basmala da ayoyi. Wannan ɓarna biyu ce: tozarta dukiya da tozarta sunan Allah.

Allah Maɗaukaki Ya hana israfi a Suratul A'arafi, kuma a Suratul Isra'i Ya danganta almubazzarai da shaiɗanu. An ruwaito cewa halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, da gwamnansa na Madina ya nemi ƙarin takarda, sai ya umarce shi da ya siranta bakin alƙalami, ya matse layuka, domin dukiyar Musulmi ce. To, ina ga talaka, a ƙasar da takarda sai an yo odarta daga waje?

Mu dubi makarantar allo. Allo guda na icen aduwa, a rubuta a wanke, har ƙane ya gada daga wa. Tawada daga gawayi da ƙaro, alƙalami daga kara. Da waɗannan aka yaye mahaddata, ba a bar wa gari juji ba.

Don haka muna kira ga malaman lakwal da na madarasa: aikin gwaji a yi shi bisa allo da alli, a bar kaye ga darasin da za a adana. A cika takarda gaba da baya. A ƙarshen shekara a tattara fararen takardun da suka rage, a ɗinke su, su zama sabon kaye ga maraya. Littafin karatu a suturta shi da takardar buhun siminti, a miƙa wa na baya. Takarda mai ayar da ta lalace a ware mata akwati, a ƙone ta ko a binne a wuri mai tsarki.

Iyaye kuma, a ɗinka wa yaro jakar ƙyalle, a raba shi da leda. Tun 2014 dokar ƙasarmu ta hana irin wannan leda, amma ga ta tana toshe magudanan ruwa, tana kashe bisashen da suka haɗiye ta.

Yaron da ya koyi tattalin takarda, shi ne gobe zai riƙe amanar baitulmali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a abin da Ya hore mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.