Wa Ke Da Ikon Cewa A Bar Abu Ya Mutu?

A gaɓar tekun Pasifik ta yammacin Kanada akwai tarin tsibirai da ake kira Haida Gwaii. Ƙasa ce ta ruwan sama da hazo, dajinta cike da manyan itatuwan sida masu ɗaruruwan shekaru. Kudancin tsibiran, wato Gwaii Haanas, babu hanyar mota. Mai son zuwa sai ya shiga ƙaramin jirgin ruwa ko jirgin saman da ke sauka a kan ruwa. Masu yawon buɗe ido kan biya kuɗi mai tsoka su yi kwanaki suna kewaya gaɓar, suna kallon baƙaƙen beyar da gaggafa da zakunan teku, daga bisani su sauka a kufan wani gari mai suna SGang Gwaay.

Wannan kufai shi ne ya tsaya mini a rai. A bakin ruwa akwai jerin gungumen sida da kakannin ƙabilar Haida suka sassaƙa, waɗansunsu a samansu ake ajiye akwatin gawar babban mutum. Annobar agana ta 1862 ta yi wa Haida mummunar ɓarna, har garin ya watse kafin ƙarshen wannan ƙarni. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1981. To amma gungumen suna ruɓewa, gansakuka na cin su, kuma masu wurin sun yanke shawarar a bar su su koma ƙasa. Sukan share musu ciyawa, sun taɓa miƙar da waɗanda suka karkata, iyakarta ke nan.

Baƙon da ya yi doguwar tafiya zai iya cewa wannan asara ce. Abin da aka kira gadon duniya, ai jikokin kowa na da haƙƙin gani. Me zai hana a kwashe su a kai gidan adana kayan tarihi? Maganar ba ta banza ba ce, an ma taɓa yin haka a 1957, lokacin da aka ɗebe waɗansu aka kai birni. Waɗannan suna nan lafiya lau, sai dai an raba su da mamatan da aka sassaƙa su dominsu.

A ganina, kafin mutum ya ce a ceci abu, ya kamata ya tambayi mene ne abin a wurin mai shi. Ga baƙo, gungumen sassaƙa ce mai ban sha'awa. Ga ɗan Haida, makabartar kakanninsa ce. Wane ne a cikinmu zai yarda a tone kabarin kakansa don kada ruwan damina ya shafe shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma Haida ba sakaci suka yi ba. Su ne suka tare hanyar masu sare daji a tsibirin Lyell a 1985, har aka kama dattawansu. A 1993 gwamnatin Kanada ta amince su riƙa kula da yankin tare. Masu gadinsu na kwana a tsofaffin garuruwan duk lokacin zuwan baƙi, kuma ba a barin fiye da mutum 12 su sauka wuri guda a lokaci ɗaya. A 2013 sun kafa sabon gungume a Windy Bay. Ashe abin da suke tsaro shi ne hannun da ya iya sassaƙar da dajin da ke ba da itacen.

Mu ma mun san zafin idon baƙo. Duk wanda ya ga yadda masu kyamara ke kutsawa tsakiyar samarin Wodaɓe a wajen Gerewol ya san cewa kallo ma yana iya zama ɗauka ba da izini ba. Kuɗin jirgi na sayen wurin kwana da abinci, ba ya sayen ikon faɗa wa mutane yadda za su yi da matattunsu.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wanda ya samu zuwa SGang Gwaay, ya tsaya inda mai gadi ya nuna masa, ya saurara, ya kalli gungumen da mai yiwuwa jikansa ba zai tarar ba, sannan ya koma jirginsa don na bayansa su sauka.